Tayil Ɗin Da Na Saya Da Geron Rumbu

Shekarun baya, tun ina ganin babu wanda ya kai ni dabara a gidanmu, na yi wani ciniki wanda har yau idan na tuna shi sai abinci ya fita raina. Ban taɓa ba da labarin a fili ba. Kwanan nan wani ya turo mini saƙo yana tambaya wane irin tayil ya kamata ya saya wa ɗakin iyalinsa, na daɗe ina kallon wayar ban amsa ba. Na san amsar, har ma na san ta fiye da yadda nake so. Bari dai in ba ku labarin yadda na santa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Sabon Birni da Gatawa. Mu manoma ne, gero da dawa, ɗan wake a tsakani. Da rani nakan ɗauki kaya a babur in kai Maraɗi in dawo da wani. A gidan akwai mahaifina, wanda tsufa ya kama har ya miƙa mini ragamar gona da rumbu, da ƙanena wanda bai yi aure ba, da matata da yaranmu biyu, mace da namiji. Mahaifiyata ta riga ta rasu.

Ɗakin matata daɓen siminti ne, wanda aka yi tun bikinmu. Ya farfashe, ya yi ramuka. Kowace shekara in kwaɓa ɗan siminti in toshe, kafin wata uku ya sake buɗewa. Ta ramukan nan tururuwa ke fitowa, wata rana kuma kunama ta fito ta harbi ɗiyata a tafin ƙafa tana rarrafen wasa da ƙanenta. Yarinyar ta wuni tana kuka. Matata ba mai yawan roƙo ba ce, amma ranar tana riƙe da ƙafar yarinyar ta ce mini, “Malam, ɗakin ga ya gaji.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Ina da aboki, tare muka tashi, wanda ya koyi aikin shimfiɗa tayil a Maraɗi. Shi ko sunan ma bai faɗa irin namu, sai ya ce karo, yadda mutanen can ke kiransa. Na kai masa kukana cewa ina so a sake daɓe. Ya zo ya dubi ɗakin ya yi tsaki.

“Kai dai ba ka gajiya da zuba siminti cikin rami. Sa karo ka huta. Sau guda na, har jikokinka.”

Ya ciro tef daga aljihu ya auna tsawo da faɗi, ya auna ɗan barandar da ke gaban ɗakin, ya faɗa mini yawan kwalin da za ni saya, ya ce in ƙara biyu a kai saboda fashewa da yanka. Ya ce in tabbata duk kwalayen zubi ɗaya ne, don in aka gauraya sai launin ya bambanta a ƙasa. Ya ce in ƙwanƙwasa da yatsa in ji ƙara, mai kyau yana amsawa kamar tasa. Na riƙe karatun nan tsaf kamar za a yi mini jarrabawa. Abin da bai faɗa mini ba shi ne inda za ni samo abin saye, ni ma kuma ban tambaye shi ba, don na riga na san inda idona yake.

Shekarar da ta gabaci wannan mun samu albarka. Rumbunmu biyu duk sun cika. Muna ci daga na farko, na biyu yana rufe ba a taɓa shi ba. Damina kuma ta faɗi da wuri, shuka ta kama, gero ya kai gwiwa, gona kore shar har ido ya gaji. A kasuwar Sabon Birni kuwa hatsi ya yi tsada kamar yadda yakan yi kafin sabo ya shigo. Na zauna na yi tunanina na mai wayo: in sayar da tsoho yanzu da yake da daraja, nan da wata biyu sabo ya cika rumbun. Wa ya yi asara?

Na sami mahaifina a ƙofar gida yana gyaran ƙotar kalme, fartanyarsa ta noma, na durƙusa na gaya masa. Bai ɗago ba sai da na gama.

“Rumbu na biyu kaka nuhi?”

“Shi, Baba.”

“Ubana bai buɗe shi sai ya ga sabon hatsi cikin gida. Ni ma ban taɓa buɗe shi ba.”

“Baba, dubi gona. Bana ko makaho ya san an samu.”

“Na gani,” in ji shi. “Ruwan ga da kaka gani, ba mu yi alkawali da shi ba.”

Na yi ta kawo hujja. Na ambaci kunama, na ambaci yarinya, na ambaci cewa zamani ya sake. Ya bar ni na ƙare, sannan ya ce, “Na riga na ba ka gida, ba ni karɓewa. Abin da kag ga ya yi maka, yi.” Ni kuwa da gangan na ɗauki wannan a matsayin izini.

Aka kira mata suka yi kwana uku suna sussuka. Aka ɗura a buhuna, aka loda a amalanke zuwa kasuwa. Mahaifina yana zaune a inuwa duk kwanakin nan yana kallo. Matata ma, da ta ga abin da gaske ne, ta kama awakinta biyu ta ba ni ta ce in haɗa, don a samu har baranda.

Na ce mata ta shirya, tare za mu Sakkwato, ita za ta zaɓa da kanta. Jama’a, tun da aka kawo ta gidanmu daga Isa, ba mu taɓa yin tafiya mu biyu ba sai ranar. Ta sa zanenta na Sallah. A mota tana ta leƙen gonakin mutane tana cewa Masha Allah, ko’ina kore.

Shagon da muka shiga, bango duka an jera samfuri tun daga ƙasa har sama. Ni idona ya faɗa kan wani fari fat mai sheƙi, irin wanda ake gani a banki, har mutum yana hango fuskarsa a ciki. Na tsaya gabansa ina gyara hula. Na ce wa mai shagon wannan za a ba mu. Matata ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

“Malam, wanga in yaro yat taka shi da ruwa, sai ƙasa. Kuma hwari na, ko ƙuda yas sauka sai an gani.”

Mai shagon, wani dattijo mai fara’a, ya ji ta. Ya yi dariya ya ce, “Bar ta ta duba, maigida. Su ka shara, ba mu ba.”

Sai ta fara zagayawa. Kunyar da ta shigo da ita duk ta tafi. Ta shafa wannan, ta ɗaga wancan ta ji nauyinsa. Ta roƙi ruwa a buta, ta ɗiga a kan guda uku da aka shimfiɗa mata a ƙasa, ta cire takalmi ta gwada da tafin ƙafa ta ji wanne ke santsi. Mai shago yana ta bayani, wannan na waje ne, wannan na gida ne, wannan zaɓin farko, wannan na biyu mai ɗan karkata a baki. Ni kuma ina bin su a baya ina ƙwanƙwasa kowanne da yatsa ina kasa kunne, kamar na san abin da nake saurare. Duk ƙararsu ɗaya a kunnena, amma ina gyaɗa kai.

A ƙarshe ta tsaya kan wani mai launin ƙasa-ƙasa, kamar yashin gulbi idan ya jiƙe, da ɗan zane siriri mai ruwan zuma yana ratsa shi. Ba shi da sheƙi sosai, yana da ɗan kaushi a hannu. Ta ce, “Wanga. Bai nuna dauɗa, bai kada yaro.” Mai shagon ya ce wallahi ta fi ni ido. Na ce ai ni na koya mata. Muka yi dariya mu uku. Na sa aka buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya ta duba launi, kamar yadda abokina ya ce. Da za mu fito ta karɓi guda ɗaya ta naɗe a mayafinta, ta ɗora a cinya har gida, wai kada ta manta kamarsa kafin motar kaya ta iso.

Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba. Shi ya sa har yau ban iya cewa ranar banza ce.

Kaya suka iso bayan kwana biyu, muka jera kwalayen a zaure. Maƙwabta suna ta shigowa kallo. Mahaifina ya zo ya tsaya, aka ciro masa guda ya juya shi gaba da baya, ya ce, “Yana da kyau,” ya mayar. Abokina ya ce yana da aiki a hannu, in ba shi mako biyu. Na ce babu gaggawa.

A cikin mako biyun nan ruwa ya ɗauke.

Da farko ba wanda ya damu, ai yakan yi haka. Mako ɗaya, mako biyu. Hadari ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin, mu fito muna kallo, iska ta taso ta watsa shi. Gero ya riga ya ɗauki ciki, lokacin da ya fi bukatar ruwa ke nan. Ganye ya fara murɗewa da rana yana warwarewa da safe, daga baya ya daina warwarewa. Aka fita sallar roƙon ruwa, aka sake fita, har da yara da dabbobi. Aka yi yayyafi sau ɗaya wanda ko ƙura bai kwantar ba. Nakan je gona da safe in tsaya a tsakiya, ba aikin da za ni yi, in dai tsaya. Karan da na yi wa Baba alfahari da shi ya koma fari, in ka taɓa shi sai ya yi ƙara.

Abokina ya zo da kayan aikinsa ranar da ya yi alkawari. Ya tarar da layin mata a rijiyar unguwa, guga yana fitowa da laka. Ya ajiye jakarsa ya ce mini, “Mutumina, aikin ga ruwa shika ci. A jiƙa karo, a kwaɓa siminti, a wanke. Duro nawa za mu zuba ƙasa mutane na kallo? Ni ban iyawa. Mu jira.” Na ce mu jira. Ko da ya yarda ma, abin da na ware na siminti da yashi ya riga ya fara tafiya a cefane.

Da kaka abin da muka kwaso daga gona duka bai rufe gindin rumbu ba. Yawancin kan geron babu ido, ka murza a hannu sai ƙaiƙayi. Rumbun farko kuma saura kaɗan. Kafin sanyi ya wuce muka share shi.

Na fara awo a kasuwa a ɓoye. In saya a mudu, in ƙulle a buhu, in shigo da shi ta bayan gida, matata ta surfa ta yi tuwo a kai wa Baba kamar kullum. Na ɗauka bai sani ba. Wata rana da hantsi ya kira ni.

“Kwana nawa ban ji sussuka gidan ga ba?”

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

“Surfe nika ji, ban jin sussuka. Hatsin awo muka ci ko?”

Na ce, “Shi na, Baba.”

Sannan ya ba ni labarin wata yunwa da aka yi yana saurayi, wadda mutane suka watse, wasu suka bar ’ya’yansu a gidajen dangi suka yi kudu. Ya ce gidanmu ba wanda ya fita, har maƙwabta sun ci daga rumbun ubansa na biyu. Ya ce, “Ba don in ɓata maka rai nih hwaɗi ba. Don ka san abin da anka aje shi dominai.” Da ya zage ni, ko ya ɗaga sanda, da na fi samun sauƙi. Daga ranar ya rage cin abinci. A kai masa tuwo ya ci loma uku ya ture wa jikokinsa, ya ce ya ƙoshi.

Sana’ar babur ma ta mutu, don can Nijar abin ya fi namu muni, ba mai sayen komai sai abinci. Sai na ce to, bari in mayar da tayil. Na koma Sakkwato wurin dattijon nan. Ya gane ni, har ya tambayi maiɗakina. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, fara’arsa ta ragu. Ya nuna mini kwalaye jibge har rufi, ya ce tun da farin nan ya shigo bai yi cinikin kirki ba, in ya karɓi nawa ina zai kai shi? Ya ba ni ruwa na sha, ya yi mini addu’a. Ban ga laifinsa ba.

Na koma yawo da guda ɗaya a hannu, kasuwa zuwa kasuwa, ina nuna wa duk wanda na ga alamar yana da hali. Ka yi tunanin mutum a tsakiyar masu neman mudun dawa, yana ɗaga tayil sama yana cewa zaɓin farko ne, ba ya santsi. Wani mai awo a kasuwarmu ya karɓa ya juya shi, ya ce, “Da mi aka cin shi, kuka ko kuɓewa?” Mutane suka fashe da dariya. Ni ma na yi, don in ban yi dariya ba wani abin za ni yi.

Ƙanena ya ɗaure kayansa ya tafi kudu neman aiki. Da zai fita ya ratsa zaure, ya dubi kwalayen, ya dube ni, ya wuce. Bayan mako biyu na kai matata da yara Isa wurin iyayenta, da sunan ziyara. Kowa ya san ba ziyara ba ce. Su ma ba wadata gare su ba, amma mahaifinta yana da ɗan lambu a bakin gulbi. Gida ya rage daga ni sai Baba, ina dama masa kunu da hannuna, wani lokaci garin rogo da ɗan ƙuli.

Ana nan sai abokina ya zo mini da labari. Wani Alhaji mai sayar da hatsi a Isa yana gina sabon sashe a gidansa, shi aka ba aikin daɓe, ya yi masa maganar kayana. Alhajin ya ce zai karɓa, amma da hatsi zai biya. Na ce ko da dusa ce. Aka turo mota ta kwashe kwalayen, ta sauke mini buhunan gero. Abin da na samu bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na fitar daga rumbu ba. Na buɗe buhu na ɗebo a hannu ina dubawa, ina tambayar kaina ko nawa ne ya zagayo ya dawo. Ba yadda za ni sani. Gero duk gero ne.

Ban aika wa matata cewa na sayar ba. Na ce sai na je da kaina in faɗa mata da baki. Amma na yi ta ja, yau Baba ba lafiya, gobe babu mai a babur. Gaskiya tsoro nake ji. Sai da aka yi kusan mako uku sannan na ɗaure buhu ɗaya a babur na nufi Isa.

Na tarar da surukata a tsakar gida tana gyaran ganyen tafasa. Muka gaisa, yara suka rungume ni, duk sun rame. Na tambayi uwarsu. Tsohuwar ta ajiye ganyen ta ce:

“Ta tahi aikatau, ɗana. Kak ka ga laihinta. Kullum tana samo muna mudu guda da ɗan abin miya.”

Na ce wane gida? Ta kwatanta mini. Tun kafin ta gama na gane gidan, don kwatancen da abokina ya yi mini ke nan.

Ban san abin da ya sa na tafi ba. Da na zauna na jira ta dawo. Amma na tafi. Sabon sashen ba a tare ba tukuna, ma’aikata na shiga da fita, ba wanda ya hana ni. Abokina yana waje yana yanka tayil da inji. Da ya gan ni ya kashe injin ya miƙe, fuskarsa ta sake.

“Wallahi ban san nan taka aiki ba sai da nig gane ta,” in ji shi. “Matar gidan ta turo ta ta goge inda nig gama. Na rasa yadda za ni hwaɗa maka.”

Na wuce shi na tsaya a bakin ƙofar falon. An gama shimfiɗawa, daga bango zuwa bango. Sai a ranar na ga yadda abin yake idan ya haɗu, don ni a kwali kawai na san shi. Ya yi kyau ƙwarai. A can ƙarshen ɗakin matata tana durƙushe da bokiti da tsumma, tana kankare busasshen siminti daga tsakanin layukan da wata ’yar wuƙa. Ta ji motsi ta waiwayo. Muka kalli juna. Na ɗaga ƙafa za ni shiga.

Ta ce, “Malam, tuɓe takalminka. Yanzu nig goge nan.”

Na tuɓe. Na taka a hankali har inda take, na tsuguna. Na ce, “Na so in hwaɗa miki da kaina.”

“Tun ranar da anka sauke kwalayen na gane su,” in ji ta. “Akwai wanda nis sa ma alama da gawayi.” Ta ci gaba da kankara. “Baba ya samu abin ci?”

Na ce ya samu.

“To shi ke nan.” Ta matse tsumma ta shafa inda ta kankare, ta ɗan ja baya tana kallo. “Ka gani ko? Bai nuna dauɗa.”

Ba ta yi kuka ba. Ni ne na fita da sauri, na zagaya bayan gini inda aka tara yashi, na zauna a can har na samu na iya haɗa ido da mutane. Na koma na ce mata ta bar aikin mu tafi, ga buhu na kawo. Ta ce sai ta gama, don an riga an auna mata na yau. Na tsaya a waje ina jira har la’asar, ina jin ƙarar wuƙar nan a kan tayil.

Baba bai ga damina ta gaba ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi kwana shida, a lokacin zafin bazara. Mutane suka ce tsufa ne da ƙarar kwana, na kuma yarda kwana ne ya ƙare. Amma ni na san jikin da zazzaɓin ya tarar, na san tun yaushe yake ture kwano. Ana gobe zai rasu na roƙe shi gafara. Ya ce, “Na yahe maka tun ranar. Ka dai riƙe yaran ga.” Yafewar ba ta sauke mini komai ba.

Daminar da ta biyo ma ba ta cika ba. Sai da muka yi shekara huɗu kafin na sake ganin rumbu biyu a rufe. Ƙanena bai dawo ba, ya yi aure a can, muna gaisawa a waya da Sallah, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Awakin matata na mayar mata daga baya, ta karɓa ta yi godiya kamar kyauta na yi mata.

Mutane suna so in an ba da labari irin wannan a ce ga darasi, a ce komai ya zama alheri. Ni ban ga alherin da ya zama ba. Na san dai ba son iyali ne laifina ba, kuma ba tayil ne ya yi mini komai ba. Laifina na sayar da abin da ke hannuna saboda abin da ke gona, bayan wanda ya fi ni sani ya gaya mini a fili. Na ji shi sarai. Ina so ne kawai, sai na mai da kunnena inda nake so. Shekaru sun wuce, Allah ya buɗa, na sake gina gidan ma da bulo. Sau uku ina ce wa matata ta shirya mu je ta zaɓa, sau uku tana cewa a yi mata siminti mai kyau ya isa. Na daina tambaya.

Bara muka aurar da ɗiyarmu a cikin garin Sabon Birni. Angon yaron kirki ne, ya gyara mata ɗaki sosai, kowa yana ta yabon tayil ɗin da ya sa. Bayan sati uwarta ta je ganin ɗaki, ta wuni a can. Da ta dawo tana cire mayafi na tambaye ta yadda ta ga wurin. Ta ce Masha Allah, gado mai kyau, labule mai kyau, ga iska tana shiga. Na ce to tayil ɗin fa da ake ta magana, wane launi ne?

Ta ninke mayafin ta ajiye a kan akwati.

“Ban duba ƙasa ba,” in ji ta.